Hanyoyin Koyon Sassaƙa da Kafinta a Ƙasar Dawakin Tofa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a ƙauyen ƙasar Kano ya san amon da ke biyo bayan kiran sallar asuba, watau amon turmi da taɓarya. Idan gari ya waye, yaro zai rungumi allonsa ya nufi makaranta, uwa ta hau kujera 'yar tsugunno ta kama muciya, uba kuma ya saɓa fartanyarsa ya nufi gona. Turmin nan da taɓaryar, da allon, da kujerar, da muciyar, da ƙotar fartanyar, dukansu daga hannun mutum ɗaya suka fito, shi ne masassaƙi. Amma da za a tsayar da ɗalibin jami'a a tambaye shi da wane ice ake yin allo, ko mene ne bambancin gizago da kurfi, da wuya ya ba da amsa ba tare da kame-kame ba.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana hanyoyin da mutum yake bi ya koyi aikin ice da katako a ƙasar Dawakin Tofa da kewayenta. Za mu duba hanyoyi huɗu: gado, da zaman shago, da makaranta, da kuma intanet wadda ta shigo daga baya. Bayan haka za mu leƙa wasu ƙasashe mu ga yadda masu sha'awar wannan aiki suke kafa ƙungiyoyi domin koyar da juna, sa'an nan mu tambayi kanmu abin da ya rataya a wuyan ɗaliban Hausa. Dalilin ɗauko wannan batu shi ne, ilmin sassaƙa a hannu da ka yake zaune, kuma duk ranar da aka binne tsohon masassaƙin da bai yaye kowa ba, an binne shi tare da kalmomi da dabarun da babu su a cikin kowane ƙamus.

2.0 Ƙasar da Itatuwanta

Dawakin Tofa tana arewa maso yamma da birnin Kano, tana maƙwabtaka da Bichi da Tofa da Ungogo, kuma a tarihi gundumar Madakin Kano ce. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura 240,000, a cikin fili da bai kai murabba'in kilomita 500 ba. A cikinta kasuwar Dawanau take, wadda ta yi suna a Afirka ta Yamma wajen cinikin hatsi. Wannan yanki yana cikin ƙasar da masanin labarin ƙasa Michael Mortimore da abokin aikinsa J. Wilson suka yi nazari a kanta a 1965, suka bayyana ta da cewa karkara ce mai cunkoson jama'a, inda gona take manne da gona, ake noma kowace shekara ba tare da an bar ƙasa ta huta ba.

Wannan bayani yana da muhimmanci ga batunmu, domin inda babu daji, kowane ice yana da mai shi. Masassaƙin ƙasar Dawakin Tofa ba ya saɓa gatari ya shiga ƙungurmi ya sari abin da ya ga dama. Dole ne ya yi ciniki da mai gona, ya sayi icen a tsaye, wani lokaci kuma ya nemi izinin ma'aikatan gandun daji. Manomi kuwa ba ya rabuwa da ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya muddin suna 'ya'ya, haka nan yana tattalin gawo saboda takin da ganyensa ke zubarwa da abincin dabbobi. Wani bincike da malaman Jami'ar Bayero suka yi kan itacen girki a Kano, wanda aka buga a 1990, ya nuna cewa manoman wannan karkara suna kiyaye itatuwan gonakinsu ƙwarai, kuma yawancin itacen da birni yake ƙonawa daga nesa ake kawo shi. Ke nan icen sassaƙa a nan abu ne mai tsada, wanda ba a ba ɗan koyo ya yi wasa da shi.

Kowane ice da aikinsa. Ƙirya ita ce sarauniya wajen turmi da taɓarya saboda taurinta da jure wa gara, kuma da gawayinta maƙera suke ƙira. Da aduwa ake yin allo da ƙota. Ɗanya tana da taushi da sauƙin rarakewa, shi ya sa ake yin akushi da ita. Marke yana ba da ƙota da dirka, maɗaci yana ba da katako mai kyau, giginya kuwa ita ke ba magina azara. Tun a 1916 likita J. M. Dalziel ya tattara sunayen itatuwan ƙasar Hausa a littafi, amma sanin yadda kowannensu yake karɓar bakin gizago yana wurin masassaƙa.

3.0 Sassaƙa da Kafinta

Kafin mu ci gaba ya kamata mu rarrabe sana'o'i biyu da akan cakuɗa. Masassaƙi yana ɗaukar gungume ɗaya ne ya yi ta rage shi har abin da yake nufi ya fito, babu ƙusa, babu gam. Kafinta kuwa yana karɓar falankin da inji ya riga ya tsaga, ya auna, ya yanka, ya harhaɗa. Na farko aikinsa ragewa ne, na biyu aikinsa haɗawa ne, kuma wannan bambanci shi ya raba kayan aikinsu da hanyar koyonsu.

Harshe da kansa shaida ne a kan wadda ta riga wata. Daga aikatau ɗin sassaƙa aka sami masassaƙi da jam'insa masassaƙa, aka sami sassaƙe, watau ɓawo ko ɓarɓashin ice wanda masu magani suke jiƙawa. Gatari da gizago da kurfi duk tsofaffin kalmomi ne da suka daɗe a bakin Bahaushe. Amma kalmar kafinta ita kanta aro ce daga Ingilishi, haka ma tebur da benci da kabad da falanki da samfefa. Wannan ya nuna cewa kafinta irin ta yau baƙuwa ce wadda ta bunƙasa bayan zuwan Turawa, musamman bayan da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, aka sami damar kawo katako daga dazuzzukan kudu. Har yau kafintocin wannan yanki daga kasuwannin 'yan katako na Kano suke sayo kayan aiki, kamar ta Na'ibawa da ta Rijiyar Lemo.

Kasuwar sana'o'in biyu ma ta sha bamban. Injin niƙa da na surfe sun rage wa turmi aiki, kwanon ƙarfe da na roba sun kori akushi daga gidaje da yawa, har ya zama abin ado. A ɗaya gefen kuma, kayan ɗakin amarya sun koma gado da kabad da kujeru na katako, gidaje sun koma rufin kwano da silin, saboda haka kafinta kullum yana da aiki. Yaron da ya ga wannan ba ya bukatar a gaya masa inda kuɗi yake.

4.0 Hanyoyin Koyo

4.1 Gado

Tsohuwar makarantar masassaƙi ita ce gindin inuwar ƙofar gidansu. M. G. Smith, a nazarinsa na 1959 kan matsayin mutane a tsakanin Hausawa, ya kawo kalmomi biyu da suka dace da wannan wuri: karda, watau sana'ar da mutum ya gada, da shigege, watau wadda ya shiga da kansa. Sassaƙa tana cikin sana'o'in da aka fi sani da gado, kuma a garuruwa da dama akwai sarkin sassaƙa wanda yake shugabantar masu ita, yake sasanta su, yake kuma tattara su idan sarki yana da aiki.

Ɗan gado ba a zaunar da shi a yi masa darasi. Yakan fara da aike da ɗaukar kaya da kwashe sassaƙe. Daga nan a koya masa wasa baki, domin kayan aiki maras kaifi ya fi mai kaifi haɗari, tunda shi ne yake zamewa ya sauka a ƙafa. Idan hannunsa ya fara faɗawa sai a ba shi ƙota ko muciya, abin da in ya ɓata asarar ba ta da yawa. Sai ya shekara da shekaru kafin a amince masa ya rarake turmi, saboda sara ɗaya da ya wuce kima zai huda gindin gungumen da aka saya da tsada. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ko ɗan barewa sai ya yi tuntuɓe kafin ya iya.

A cikin wannan zama yaro yake tsintar ilmin da masana kimiyya suka tabbatar da shi ta wata hanyar. Alal misali, ɗanyen ice cike yake da ruwa, kuma idan yana bushewa ƙanƙancewar da yake yi ta kewaye ta kusa ninka wadda yake yi daga tsakiya zuwa baya. Wannan rashin daidaito shi ne yake sa gungume ya tsage daga cibiya. Masassaƙi bai san lissafin ba, amma ya san cewa ice ya fi sauƙin sara yana ɗanye, ya san kuma cewa in ya bar sabon aiki a rana da iskar hunturu zai dare. Don haka yakan ajiye shi a inuwa, ya shafe shi da mai, ya bar shi ya sha iska sannu a hankali. Akwai kuma ɓangaren asiri. Tsofaffin masassaƙa sun yi imani cewa manyan itatuwa irin su tsamiya da kuka mazaunin iskoki ne, saboda haka akwai addu'o'i da tsare-tsaren da ake yi kafin a sa musu gatari, waɗanda ba a faɗa wa bare.

Ƙarfin wannan hanya shi ne zurfi, rauninta kuwa shi ne ƙunci. Wanda ba ɗan gida ba ne yana shan wuya kafin a buɗe masa ciki, kuma idan 'ya'yan gidan suka koma acaɓa ko dako a Dawanau, ilmin ya tsaya ke nan.

4.2 Zaman Shago

Kafinta ba ta tambayar asali. Uba yakan kama hannun ɗansa ya kai shi wurin wani kafinta da ya yarda da halinsa, ya ce ga amana. Daga ranar yaron ya zama yaron shago, mai shagon kuma ya zama maigidansa. Zai fara da share shago da miƙe tsofaffin ƙusoshi da goge katako da samfefa, sa'an nan ya koyi karanta tef da riƙe zarto, daga bisani a tafi da shi aikin rufi. Ba a biyansa albashi, sai ɗan kuɗin abinci da abin da maigida ya ga dama idan an karɓi kuɗin aiki. Bayan wasu shekaru, idan maigida ya gamsu, sai a yaye shi, wani lokaci har a haɗa masa 'yan kayan aiki ya buɗe nasa wuri.

Wannan ita ce hanyar da ta fi kowace yaye masu aikin katako a ƙasar Kano. Tana da araha, kuma yaro yana koyon hulɗa da masu kawo aiki tare da koyon aikin kansa. Matsalarta ita ce, ɗan koyo ba ya wuce iyakar maigidansa. Idan maigida bai iya zana aiki a takarda ba, ko bai san komai ba sai buga ƙusa inda ya kamata a sassaƙa haɗi, haka yaransa za su tashi. Gwamnatin Tarayya ta yi ƙoƙarin jingina da wannan tsari lokacin da ta kafa Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa a 1986, wadda take tura matasa wurin masu sana'a su koya. Akwai kuma jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai matakai uku, wadda take ba wanda ya koya a shago damar samun takardar shaida.

4.3 Makaranta

Koyar da aikin katako a aji ya girmi yawancin makarantunmu. Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen sana'o'i, inda ake koyar da kafinta da ƙira da dukanci. Tun daga wancan lokaci aka sami rabuwar da har yanzu ba ta gama warkewa ba, domin 'ya'yan sarakuna da na malamai aka nufa da karatun zama ma'aikata, sashen sana'a kuwa aka bar wa waɗanda ake ganin ba su kai ba.

Shekarar 1977 tana da muhimmanci ta fuska uku. A cikinta aka fitar da Manufar Ilmi ta Ƙasa wadda ta haifi tsarin 6-3-3-4, aka kafa Hukumar Kula da Ilmin Fasaha ta Ƙasa mai hedkwata a Kaduna, kuma a cikinta Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya guda biyu na farko, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Daga baya aka haɗa wa hukumar waɗannan makarantu kula da kwalejojin fasaha, irin su na Kano da Wudil da Bagauda da Ungogo, inda ake koyar da sana'o'in hannu. Makarantar Dawakin Tofa ta yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, abin alfahari ne ga yankin, amma yana da kyau mu lura cewa ba a taɓa jin uba yana yi wa ɗansa fatan shiga ajin katako kamar yadda yake yi masa fatan shiga ajin likita ba.

Da aka fara aiwatar da tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sa darasin gabatar da fasaha a ƙaramar sakandare, wanda ya ƙunshi aikin katako da na ƙarfe da na lantarki. An sayo injuna daga ƙasashen waje aka rarraba, sai dai a makarantu da yawa sun tsufa a cikin akwatunansu saboda rashin wuta da rashin ɗakin aiki da rashin malamin da ya iya sarrafa su. Ɗalibai suka koyi zana zarto a allo ba tare da sun taɓa riƙe shi ba. Domin magance ƙarancin malamai ne aka kafa kwalejojin horar da malaman fasaha a shekarun 1980, ciki har da ta Tarayya da ke Bichi, maƙwabciyar Dawakin Tofa. A 1992 kuma aka kafa hukumar jarrabawar NABTEB domin ɗaliban kwalejojin fasaha.

Abin da makaranta take bayarwa wanda shago ba ya bayarwa shi ne awo da zane da sanin dalili. Abin da ta rasa kuwa shi ne sassaƙar gargajiya. Manhajar ta san katakon da aka tsaga da inji, amma ba ta san gizago ba, kuma ba a saba gayyatar masassaƙin gari ya shiga aji ba, ko da kuwa rumfarsa tana bayan katangar makarantar.

4.4 Intanet

Tun da aka buɗe YouTube a 2005, kuma wayar hannu mai hoto ta yaɗu har ƙauyuka, an sami sabuwar ƙofa. A yau mai sha'awa yana iya kallon yadda ake wasa bakin kurfi, ko yadda ake haɗa ƙafar tebur ba tare da ƙusa ba, ya tsayar da hoton, ya maimaita shi sau goma, abin da ba zai iya sa maigidansa ya yi ba. Akwai malamai irin su Paul Sellers na Ingila waɗanda suka duƙufa kan koyar da aiki da kayan hannu zalla, kuma irin wannan darasi ya fi dacewa da wurin da wutar lantarki ba ta da tabbas. Kafintocin Kano kuma suna amfani da Facebook da WhatsApp da TikTok wajen tallata aikinsu, har ya zama ruwan dare mai kawo aiki ya miƙa waya ya ce irin wannan gadon yake so.

Duk da haka wannan hanya tana da iyaka. Yawancin darussan da Ingilishi ake yin su, kuma da itatuwan ƙasashen sanyi waɗanda halinsu ya bambanta da na ƙirya da marke. Kallon yana cin kuɗin data. Mafi girma duka, hoto ba ya kama hannun yaro ya gyara masa riƙo, ba ya kuma jiyar da shi nauyin sara. Wanda ya kwaikwayi siffar kujera daga hoto ba tare da ya san haɗin da ke cikinta ba, zai yi abin da zai burge ido ranar kai amarya, ya saki kafin a yi suna. Gani ya kori ji, gaskiya ne, amma a wannan sana'a yi shi ne ya kori gani.

5.0 Masu Sha'awa da Ƙungiyoyinsu

A ƙasashen Turai da Amurka akwai dubban mutane da suke aikin katako ba don su ci abinci da shi ba. Malami ne ko akawu ko ɗan fansho, idan ya sami hutu sai ya shiga rumfarsa. Suna da mujallu, kamar Fine Woodworking da aka fara bugawa a Amurka a 1975, suna da makarantun gajeren zango, suna kuma da ƙungiyoyi. A Ostareliya an fara wani tsari a shekarun 1990 mai suna Men's Shed, watau rumfar maza, inda dattawa suke haɗa kayan aiki a wuri ɗaya, su yi aiki tare, su koya wa juna, su kuma kore wa kansu kaɗaici. A 2007 suka kafa ƙungiya ta ƙasa, tsarin kuma ya bazu zuwa wasu ƙasashe.

Wannan sha'awa tana da tushe a makaranta. Ƙasar Finlan ta sa aikin hannu cikin darussan dole tun 1866, a Suwidin kuma Otto Salomon ya shahara daga shekarun 1870 wajen horar da malamai kan koyar da yara sassaƙa, ana farawa da wuƙa kawai. Manufarsa ita ce gina haƙuri da natsuwa da girmama aikin hannu a zuciyar kowane yaro, ko da ba zai zama kafinta ba. A Japan kuwa ana sake gina wurin ibada na Ise da katako duk bayan shekara 20, na baya-bayan nan a 2013, kuma ta haka tsofaffin gwanaye suke miƙa ilmi ga matasa. Ko a nan gida Nijeriya akwai misali: a 1947 aka buɗe wurin koyon sassaƙa a Oye-Ekiti, kuma daga cikin waɗanda suka tashi a wannan da'ira akwai Lamidi Fakeye, ɗan gidan gado, wanda daga bisani ya koyar da sassaƙa a Jami'ar Ife.

Shin Bahaushe yana da irin wannan mai sha'awa? Idan muka duba da kyau za mu gan shi, ko da yake ba mu raɗa masa suna ba. Shi ne manomin da yake zama da rani ya sassaƙa wa kansa ƙota, da almajirin da yake gyara allonsa da feƙe alƙalami, da yaran da suke ƙera mota da jirgin sama da karan dawa bayan an yi girbi. Abin da ya hana wannan sha'awa girma shi ne kallon da ake yi wa sana'ar. Ma'aikacin da aka gani da gizago sai a ce ya talauce ko ya taɓu. Ƙungiyoyin da muke da su kuwa na masu sana'a ne, aikinsu sasanta rikici da adashi da taimakon juna a biki ko rashin lafiya, ba su da rumfar da bare zai shiga ya koya.

6.0 Abin da ya Rataya a Wuyanmu

Abu na farko shi ne tattara kalmomi. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya adana da yawa daga cikinsu, amma shekarunsa sun haura 90. Maƙeran Kano sun sami Philip Jaggar ya rubuta tarihinsu, marina da masu tufafi sun sami Philip Shea. Ɗalibin da ya fito daga Dawanau ko Tumfafi ko Kwa yana iya yin irin wannan hidima ga masassaƙan garinsu a hutu guda, ya rubuta sunan kowane kayan aiki da sassansa, da sunan kowane sara, da kirari da karin maganar da ke tattare da su.

Abu na biyu shi ne ɗaukar hoto mai motsi da Hausa. Wayar da muke kallon gwanayen wasu ƙasashe da ita tana iya ɗaukar namu. Sharaɗi shi ne a nemi yardar mai sana'a, a ambaci sunansa in ya so, a kuma bar masa abin da ya ce asiri ne.

Abu na uku shi ne rumfa. Ƙungiyoyin Hausa na makarantu da ƙungiyoyin samari na ƙauyuka suna iya ware yini guda a mako, su gayyaci masassaƙi da kafinta su zauna a inuwa ɗaya, a biya su ladan koyarwa kamar kowane malami. Al'adar gayya ta riga ta koya mana cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na huɗu shi ne dashe. A 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu, bayan an yi mata sara na fitar hankali domin kaiwa ƙasashen waje. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kano tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa, kuma ya dace masu dashe su tuna da ƙirya da aduwa da marke, kada a tsaya ga darbejiya kaɗai.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa kowace hanya daga cikin huɗun nan tana riƙe da abin da sauran suka rasa. Gado yana da sanin ice, shago yana da kasuwa, makaranta tana da awo da dalili, intanet kuma tana kai darasi inda malami bai taka ba. Matsalar ƙasar Dawakin Tofa, da ma ƙasar Hausa baki ɗaya, ita ce waɗannan hanyoyi ba su san juna ba, kuma wadda ta fi tsufa a cikinsu ita ce ta fi kusa da rufewa. Ɗalibin Hausa shi ya fi kowa cancantar ya haɗa su, domin yana jin harshen rumfa, yana kuma jin na aji. Muna fata wannan ɗan bayani zai zaburar da wani daga cikinmu ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya durƙusa gaban masassaƙin garinsu tun yana da ƙarfin ɗaga gizago. Allah ya sa mu dace.